Ranar da Isbrand Penner Yake Kife Ganguna

Surukina Isbrand Penner ba mutumin kirki ba ne, kuma ba zan fara yi masa ƙarya yanzu don ƙasa ta rufe masa ido ba. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina auren 'yarsa Nettie yana raye, a cikinsu ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Sunana Armand Favreau, amma a wurinsa ni Bafaranshe ne kawai. Ni kuma Mista Penner nake ce masa, domin bai taɓa ba ni izinin kiransa da wani abu ba.

An haife shi a 1938, a wani ɗakin gungume da ke arewa da garin Carrot River. Iyayensa 'yan ɗariƙar Mennonite ne da fari ya koro daga kudu, suka iso da doki biyu da saniya ɗaya. Yana ɗan shekara goma sha shida itace ya faɗo wa ubansa a wurin saran daji, ya mutu ya bar masa uwa, da ƙanne huɗu, da amya goma sha biyu a bayan gida. Daga waɗannan goma sha biyun ya kai ɗari bakwai. Dogo ne siriri, hannuwansa kamar shebur, bai taɓa sa safar hannu a wurin aiki ba. Na sha ganin ƙudan zuma ya harbe shi a fatar ido, ya sa farce ya kankare ƙarin, ya ci gaba da abin da yake yi. Mutane suna ba da wannan labari don yabo. Ni abin da na gani shi ne, wanda bai ji ciwon jikinsa ba, ba zai ji na wani ba.

Ni ɗan Zenon Park ne, garin masu jin Faransanci, ɗan Katolika, abin da ya ishe shi dalilin ƙina ke nan tun bai ga fuskata ba. Ranar aurenmu ya zauna a bencin ƙarshe, kafin a kawo abinci ya tashi, wai ƙudansa suna shirin yin ƙaura. Gonar mahaifina ta faɗa hannun yayana, don haka na shiga aikin zuma a ƙarƙashin surukina. Shekara bakwai na yi ina ɗaukar masa akwatuna.

A ƙarshen Agusta, idan furen kanola, shukar da ake tatsar mai daga irinta, ya zube muka kwashe zumar, sai a mayar wa ƙudan abin da za su ci a hunturu. Ana dama sukari kashi biyu da ruwa kashi ɗaya, a cika ganguna, a watsa bambaro a saman don kada su nutse, a ajiye a tsakiyar kowane fili su yi ta jida. Kowa haka yake yi. Inda ake rabuwa shi ne ranar dainawa, kuma a wurin Isbrand ranar ɗaya ce tak, talatin ga Satumba. Ko rana tana ƙuna ko ana zuba ƙanƙara, zai bi filayensa ɗaya bayan ɗaya, ya sa ƙafa ya kife gangar, ya turbuɗe abin da ya zube da ƙasa. Idan ka tambaye shi dalili sai ya dube ka kamar ka tambaye shi dalilin fitowar rana. Matarsa Susanna ce ta yi mini bayani wata rana tana murza ƙullin burodi. Ta ce ƙuda yana bukatar kwanaki masu ɗumi kafin ya busar da ruwan sukari ya liƙe bakinsa da kaki. Idan sanyi ya riga shi, abin da ke cikin saƙar zumarsu ruwa ne kawai, tururinsa ya hau murfi ya daskare, ya narke ya ɗigo a kan ƙudan da suka dunƙule suna ɗumama juna. Ta ce sanyi ba ya kashe su, jiƙa ke kashe su. Minti biyu ya ɗauke ta ta faɗa mini abin da mijinta ya hana ni shekara uku.

A wancan zamanin yawancin masu kiwon zuma a yankinmu ba sa wahalar da kansu da hunturu. Kaka na yi sai su kashe ƙudan da guba, bazara ta zo su sayo sababbi daga Kalifoniya. Isbrand yana cikin 'yan tsirarun da ke raya nasu har bazara, yana kiran sauran mahauta, a gaban idonsu, har a ƙofar coci. Da aka rufe iyakar ƙasarmu da Amurka a 1987 aka hana shigo da ƙudan Amurka, sai ga mahautan nan suna layi a tsakar gidansa da hula a hannu, don ya koya musu raya ƙuda a hunturu. Bai ce wa kowa ya shigo ya sha gahawa ba. A tsaye ya bar su cikin iska, ya ba kowa jimla ɗaya ko biyu, ya juya musu baya. Ina jin a rayuwarsa bai taɓa jin daɗi irin na wannan shekarar ba.

Shekarar da ta biyo baya aka yi fari. Fure ya ƙone da wuri, ƙudan suka shiga kaka ba su da komai. Akwai fili ɗaya mai amya arba'in a bakin kogin Petaigan da ya bar mini in kula da shi. Yadda ake gane ko amya ta ƙoshi shi ne a sa hannu a ƙasanta ta baya a ɗaga. Idan ta ƙi tasowa sai da nishi, ta ƙoshi. Nawa suna tasowa ba gardama. Ranar talatin ga wata ya zo ya sa ƙafa a jikin gangar, na ce masa ya dakata, ba su cika ba, rediyo kuma ya ce akwai sauran ɗumi.

Ya ce, "To, je ka kira mai rediyon ya zo ya yi musu hunturu."

Na ce, "Mista Penner, ka ɗaga ɗaya ka ji."

"Da ka fara ba su a kan lokaci da sun cika. Kana can kana kai matarka yawon kanti. Ragon mutum kullum da yamma yake neman safiya."

Ya kife gangar. Ruwan sukarin ya malalo har kan takalmina.

Kwana goma ina cin raina. A rana ta goma sha ɗaya, yana can garin Nipawin wurin gyaran mota, na dama ganga biyu na kai bakin kogin. Ƙudan suka yi musu caa, kwana uku suna jida, ni kuma ina ɗagawa ina jin nauyi yana ƙaruwa, ina yi wa tsohon dariya a zuci. A rana ta huɗu iska ta juyo daga arewa, da azahar dusar ƙanƙara ta rufe filin, ba ta sake tashi ba sai Afrilu. Muka nannaɗe amyoyin huɗu-huɗu da baƙin bargo kamar kullum, ban ce wa kowa komai ba.

Da muka buɗe a bazara, wari ne ya fara tarar mu. Talatin da ɗaya daga cikin arba'in sun mutu. Saƙar ta yi fumfuna kore da fari, gaban akwatunan duk zawon ƙuda, gawarwakin sun jiƙe sun cure kamar taɓo. Sauran filayensa, waɗanda suka shiga hunturu da ƙarancin abinci amma a bushe, kaɗan suka rasa. Isbrand ya zaro saƙa ɗaya ya karkata ta, ruwa ya ɗiɗɗigo daga ramukan da ba a liƙe ba. Ya dangwala da yatsa ya ɗanɗana, ya tofar. Ya sa saƙar a bayan mota, ya wuce amya ta gaba. Har na fara zaton na tsira.

Ranar Lahadi da la'asar duk dangi suna taruwa a gidansa cin burodi da cuku da tsiran alade. Ran nan har da fasto da matarsa. Ana gama addu'a ya tashi ya fita, ya dawo da saƙar nan mai wari, ya ture kwanon man shanu ya ajiye ta a tsakiyar tebur, a kan farin ƙyallen Susanna.

Ya ce, "Ku ci. Girkin Bafaranshe ne. Ya fi ni sani, ya fi ubana sani, shi da rediyonsa." Sannan ya dubi Nettie. "Ke kuma ga abin da kika kwaso mana. Ɓarawo ma da ya shiga filin da ya bar mini wani abu."

Fasto ya sunkuyar da kai yana kallon cokalinsa. Susanna ta fara kuka ba sauti. Ni dai na ci gaba da zama a wurina, domin gaskiya ce a kan teburin, ko da mugun hannu ne ya ɗora ta. Nettie ce ta tashi, ta ɗauki 'yarmu daga kujera, ta ce wa ubanta idan yana son ya yanka mutum ya riƙa yi a waje, ba a inda ake cin abinci ba. Muka fita. Ban sake yi masa aiki ba.

Na sayi amyoyin wani tsoho da ya gaji, na fara nawa. A wasu wuraren tsakanin filina da nasa bai fi mil biyu ba. A hanyoyinmu na tsakuwa, ko baƙo ka haɗu da shi zai ɗaga maka yatsa daga kan sitiyari. Kusan shekara talatin muna giftawa ni da Isbrand, yatsansa bai taɓa motsi ba. Duk Kirsimeti yana aiko wa jikokinsa bokitin zuma, da saƙon wai don su san ɗanɗanon ta gaske. Idan beyar, ƙaton naman dajin nan mai son zuma, ya fasa mini amya, kafin in isa gari labari ya riga ni, cewa Bafaranshe bai iya ɗaura wayar shinge ba. Ni ma ban raga masa ba. Da ma'aikatansa suka riƙa gudu ɗaya bayan ɗaya, ni nake ɗaukarsu, in tabbata ya ji.

Na koyi darasina, amma ta hanyata. Na sayi sikeli da ma'aunin zafi. Ina fara ba da ruwan sukari ranar da na sauke zumar ƙarshe, in daina idan rana ta daina kai digiri goma, ko idan sikeli ya ce sun ƙoshi, duk wanda ya riga. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, shekara da shekaru ranar dainawata tana faɗowa kwana biyu ko uku kusa da talatin ga Satumba. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Susanna ta rasu yana da shekara saba'in da ɗaya. Daga nan ya ƙara bushewa. Ya rage amyoyin zuwa ɗari da ashirin, yana aikinsu shi kaɗai, domin babu mai iya kwana bakwai da shi.

Shekarar da ya cika saba'in da takwas aka yi wata kaka mai tsawo. Raɓa mai daskarewa ta kashe fure tun farkon Satumba, sannan ɗumi ya dawo ya zauna. Ƙudan suna ta shawagi babu abin kawowa, sarauniyar kowace amya kuma ta ƙi daina ƙwai, ga bakuna sababbi kullum suna cin abin da aka tara. Ni na ci gaba da bayarwa har tsakiyar Oktoba. Isbrand ya kife gangunansa ranar da ya saba.

A ƙarshen Oktoba Nettie ta matsa mini in je in taya shi nannaɗewa, domin kafaɗarsa ta dama ta daina ɗaguwa. Na yi ta kawo uzuri har uzuri ya ƙare, na tafi. Na same shi a filin da ke bayan tsohuwar makaranta yana kokawa da bargo. Bai gaishe ni ba, ya dai nuna mini tulin igiya da haɓa. Na durƙusa a bayan amya ta farko don in matsar da ita kusa da 'yar'uwarta, sai ta taso mini kamar kwalin da babu komai a ciki. Na gwada ta biyu, na gwada ta biyar, na tsallaka wancan layin. Duk ɗaya.

Na ce masa waɗannan ba za su ga Fabrairu ba.

Ya taho yana jan ƙafa, ya ture ni da gwiwa, ya sa hannu a ƙasan amyar da na saki. Na ga jijiyoyin wuyansa sun miƙe, fuskarsa ta yi ja, akwatin ya ɗan rabu da katakon da yake kai, ya sake shi yana haki.

Ya ce, "Kamar dutse."

A nan na gane. Ba taurin kai ba ne kaɗai a wannan karon. Shekara sittin hannunsa ne sikelinsa, ga shi hannun ya mutu bai sani ba. Komai ya ɗaga yanzu dutse ne. Na tsaya ina kallonsa, kuma ba zan ce tausayi ne ya fara zo mini ba.

Duk da haka na faɗa masa. Na ce lokacin ruwan sukari ya wuce, amma ina da saƙar zuma liƙaƙƙiya a ɗakin ajiya, ana iya zura biyu-biyu a kowace amya kafin a rufe, ko a ɗora musu curin sukari busasshe a sama. Na ce akwai sikeli a motata, ya bari in kawo ya gani da idonsa.

"Kai za ka auna mini ƙudana?" Ya ɗaga ƙarfen da muke ɓamɓare murfi da shi, ya nuna ni da shi. "Kai da ka kashe talatin da ɗaya a fili ɗaya? Ka zo ne ka ga ko na kusa mutuwa. Ban kusa ba. Kwashe ƙafarka daga filina."

Na ce, "Mista Penner, ƙarfinka ne ya ƙare, ba abincinsu ne ya yi yawa ba."

Ya jefe ni da ƙarfen. Bai ko iso inda nake ba, ya faɗi cikin ciyawa a tsakaninmu. Na bar masa shi a nan, na shiga mota.

A gida na gaya wa Nettie cewa ubanta ya kore ni, har da jifa. Ban gaya mata maganar nauyi ba. Na san filayensa duka, na san kowace Lahadi yana coci daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, na san igiya ɗaya ake kwancewa bargon ya buɗe. Lahadi uku sun ishe ni in zagaye amyoyin nan da curin sukari, ba zai taɓa sani ba. Duk Lahadin Nuwamba sai na yi wannan tunani ina shan gahawa. Sai in ce wa kaina ai na taɓa shiga filinsa a ɓoye, na ga abin da ya biyo baya. Hujja ce mai kyau, kuma na san ba ita ce ta zaunar da ni ba.

A Afrilu ya buɗe. Casa'in da huɗu sun mutu. Wannan karon babu wari, babu fumfuna. Saƙar fes, a bushe, babu ɗigon zuma ko ɗaya, kowane ƙuda ya cusa kansa cikin rami yana neman abin lasa, a haka ya sandare. Kafin mako ya zagayo Isbrand ya bi wurin shan gahawa da kantin kayan gona yana cewa ƙudan Bafaranshe ne suka yi wa nasa fashi a kaka, da gangan na matso da filina. Wasu sun yarda, domin kowa ya san abin da ke tsakaninmu.

Nettie ba ta yarda ba, amma ta san ni. Muna cin abincin rana ta ajiye cokali ta tambaye ni ko ranar da na je nannaɗewa na ɗaga amyoyin. Na ce na ɗaga. Ta tambaya ko na san abin da zai faru. Na ce na sani, kuma na gaya masa.

Ta ce, "Ni fa? Ni ka gaya mini?"

Ta ce ubanta mugu ne tun tana yarinya, ba labari ba ne a wurinta, amma ita ta zaci ba irinsa ta aura ba. Ta haɗa kaya a jaka ɗaya ta koma gidansu, mako uku tana taya shi kakkaɓe gawarwaki da kankare akwatuna. Daga baya ta ba ni labarin wata rana a cikin kwanakin nan. Ta ɗauki akwatin da aka riga aka share da hannu ɗaya ta miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu ya kusa faɗuwa. Ya daɗe a tsaye yana kallon akwatin, yana kallon hannunta. Ta zaci zai faɗi wani abu. Da ya buɗe baki sai ya ce katakon ne ya sha ruwa.

Ashirin da shidan da suka rayu ya sayar wa wani mutumin Nipawin, bisa sharaɗin kada ko murfi ɗaya ya shigo hannuna. Kafin kaka ya koma gidan tsofaffi da ke cikin gari. Nettie ta dawo gida, amma mun fi shekara kafin magana ta koma daidai a tsakaninmu, kuma tun daga lokacin ba ta ɗaukar maganata a kan abin da za ta iya dubawa da kanta.

Ya yi kusan shekara biyar a gidan tsofaffin, yana faɗa da masu girki a kan miyar kabeji, yana faɗa da maƙwabcin ɗakinsa a kan taga. Nettie tana zuwa duk Talata da Asabar. Ni sau ɗaya na shiga, a watan Fabrairun ƙarshe, da ta ce likita ya ce a kira dangi. Ya rame har ba a ganin tudunsa a ƙarƙashin bargo. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni, sannan ya tambaya nawa na rasa a hunturun bara. Na ce goma sha biyu a cikin kowace ɗari.

Ya ce, "A zamanina mutum kunya zai ji ya faɗi wannan a gaban jama'a." Ya juya fuska wajen bango.

Bayan kwana tara ya rasu. Ƙasa ta daskare har sai da aka kwana biyu ana hura mata zafi kafin a iya haƙa kabarin. Mutane sun zo da yawa, har da 'ya'yan waɗanda ya taɓa tsayarwa a tsakar gida cikin iska. Sabon fasto, wanda bai san shi da ƙarfinsa ba, ya ce marigayin mutum ne mai tsayawa a kan maganarsa, jama'a suka gyaɗa kai. Na riƙe wa Nettie hannu har aka gama, muka sauka ɗakin da ke ƙasan coci aka ci burodi da cuku. Da rani ya zo, manomin da ya sayi filin gidan Isbrand ya rushe ɗakinsa na tatsar zuma ya shuka kanola a wurin.